Waiwaye: Kwaɗo Biyu a Ƙofar Mangaza

Daga Korgom zuwa Urafan, daga Maijirgi zuwa Kanambakashe, lissafin manomi bai canza ba tun kaka da kakanni. Da kaka rumbu ya cika, aljihu kuwa babu ko dala. Ga biki, ga haraji, ga bashin da aka ci da damina. Sai ya ɗebi hatsi ko wake ya kai kasuwa a ranar da kowa ma ya kawo nasa, ya sayar yadda 'yan sari suka ga dama. Bayan wata shida ko bakwai shi ne zai koma wannan kasuwa da buhu a kafaɗa, ya sayi tiyar da ya sayar, wata shekara har ninki biyu. A 2005, bayan fari da fara sun cinye daminar 2004, buhun hatsi mai kilo 100 ya doshi jika 30 a kasuwannin jihar Maraɗi. A ƙasar Tasawa da ta Mayahi mutane suka karyar da bisashe, da bisashe suka ƙare aka koma kan gonaki.

Bashi hanji ne, in ji Hausawa, yana cikin kowa. Abin da ya bambanta mai cin bashin da zai miƙe da wanda bashi zai kwantar shi ne sharuɗɗan da ya amsa, da kuma ko ya san abin da ya amsa. Wannan ne dalilin waiwayen na yau.

Bayan samun 'yancin kai gwamnati ce uwar bashi. A 1962 aka kafa UNCC domin ƙungiyoyin manoma, aka kafa SONARA domin cinikin gujiya. A wancan zamani jinginar manomi gujiyarsa ce, don kuwa wurin sayarwa ɗaya ne, nan ake zare kuɗin iri kafin a ƙirga masa sauran. Da farin shekarun 1970 ya karya noman gujiya, wannan igiya ta tsinke. Asusun ba manoma rance na ƙasa ya durƙushe a shekarun 1980, babban bankin raya ƙasa BDRN ya bi bayansa a 1990. Daga nan banki ya ɗauke ƙafa daga ƙauye. Mata ne suka fara tashi tsaye da asusun Mata Masu Dubara, wanda CARE ta soma a jihar Maraɗi a 1991, amma kuɗin akwati ba ya kai wa ga takin gona guda, balle ya riƙe amfanin gari. Magidanci ya rage da ƙofa biyu. Ɗaya ba-da-kaka: ka karɓi kuɗi ko tsaba da damina, ka biya da damma in an yi girbi, a farashin da mai kuɗi ya yanka. Ɗayar kuwa jinginar gona.

Jinginar gona ta fi ba-da-kaka daɗin ji a kunne, ta kuma fi ta cin rai. Babu ruwa a kan kuɗin, babu mai zuwa ƙofar gida yana sallama da sassafe. Mai kuɗi ya ba da jika 50 ko 100, ya karɓi gona ya yi ta nomawa har ranar da aka mayar masa da kuɗinsa. Sai dai wace rana? Ba a faɗa ba. Wanda ya rasa gonarsa da me zai tara kuɗin fansa? Shekara ta bi shekara, mai gona ya koma ya karɓi ƙari, ƙarin ya bi ƙari, shaidu su mutu. Ranar da 'ya'ya suka zo fansa sai a ce musu ai ubanku sayarwa ya yi. Duk mai zama fadar hakimi a wannan yanki ya ji irin wannan shari'a. Dokar karkara ta Maris 1993 ta kawo kwamitocin filaye, waɗanda ake kira Kofo, tun daga ƙauye har gunduma, kuma cikin takardun da suke bayarwa akwai ta shaidar jinginar gona. Takarda ce ƙarama mai raba sayarwa da jingina, amma mutane nawa ne suke neman ta a ranar da yunwa ta koro su? Malamai kuma sun daɗe suna faɗa cewa mai bin bashi ba shi da halin cin amfanin abin da aka jinginar masa saboda rance, don rancen da ya jawo wa mai shi amfani ya shiga riba. An ji, an ci gaba da nomawa.

A cikin wannan hali ne wani shiri na FAO, da kuɗin ƙasar Beljiyam, ya fara gwada abin da ake kira warantaj a Nijar daga 1999. Asalin manufar a samar wa manomi kuɗin taki ne, musamman da masu bincike na ICRISAT a Sadore suka nuna cewa ɗan taki kaɗan a gindin shuka yana ɗaga amfani. Tsarin bai da wuyar faɗi. Ƙungiyar manoma ta samu mangaza mai kyau. Bayan girbi kowa ya kawo abin da zai iya ajiyewa, hatsi ko wake ko gujiya ko riɗi. A auna, a duba tsabta, a ɗinke, a rubuta sunan mai buhu a jikin buhunsa da cikin littafi. Wakilin asusun ba da rance ya zo ya ƙirga da idonsa, a yi wa kaya kuɗi bisa farashin kasuwar ranar, a ba da rancen kashi 70 ko 80 cikin ɗari na wannan kuɗi. Sai a rufe ƙofa da kwaɗo biyu. Makulli ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusu. Da kuɗin wani ya yi turkar rago, wata ta yi ƙuli da mai, wani ya yi lambu ko ɗan tebur. Wajen watan huɗu ko na biyar a biya, a buɗe, kowa ya ɗauki buhunsa a lokacin da hatsi ya yi daraja. Cibiyoyi irin su Kokari da Asusu sun shiga harkar, kuma a kakar 2008 zuwa 2009 rancen da aka bayar ta wannan hanya a faɗin ƙasa ya kusa sefa miliyan 600.

Ana yawan cewa sirrin warantaj shi ne tashin farashi. Ni a ganina sirrinsa na farko shi ne babu sharaɗi ko ɗaya a cikinsa wanda ido bai gani ba. Lauya yana da suna na Faransanci ga kowane mataki: kayan da aka ba da jingina, rabuwar mai kaya da kayansa, wanda aka ɗora wa tsaro, wa'adin biya, sakin jingina. Tsohuwar da ta kawo buhu biyu na wake ba ta san ko ɗaya daga cikin waɗannan sunaye ba, amma babu wanda ba ta fahimta ba. Ta ga an rubuta sunanta, wato kayan nata ne har yanzu, ba sayarwa ta yi ba. Ta ga kwaɗon asusu, wato ba ta da ikon taɓawa sai ta biya. Ta ga kwaɗon ƙungiya, wato shi ma mai kuɗi ba zai zo da dare ya kwashe ba. An faɗi watan buɗewa a gaban jama'a. Duk abin da jinginar gona ta bari a duhu, nan an fito da shi tsakar rana. Abin kuma bai zo wa Musulmi a baƙo ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, mai bi mata kuma ta yi maganar jinginar da aka karɓa a hannu. A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Tasawa, jingina ba ta cika sai mai bin bashi ko wani amintacce ya riƙe kayan.

Amma akwai sharaɗi ɗaya da ba shi da kwaɗo, kuma shi ne ya fi cizon mutane. Rance ne aka karɓa, ba ciniki aka yi ba. Mu ɗauki misali. An yi wa buhun wake kuɗi jika 20, aka ba mai shi jika 16. A ce ruwa kashi 2 ne a wata, wata shida ya kama sefa 1,920, ga kuɗin mangaza, ga buhu, ga maganin ƙwari. In wake ya kai jika 28 da bazara, sai murna. In kuwa ya sauka zuwa jika 17, mai buhu zai sayar da kayansa kaf, bashin bai biyu ba, sai ya ciko daga aljihu. Asarar faɗuwar farashi tasa ce shi kaɗai. Kuma farashin wake a nan ba a Mayahi ake yanka shi ba, a Dawanau ta Kano ake yanka shi. Naira ta faɗi, ya faɗi. Najeriya ta rufe iyaka a watan Agusta 2019, ya ji a jikinsa. A watan Oktoba 2024 gwamnatin Nijar ta hana fitar da hatsi da dawa da masara da shinkafa da wake zuwa waje, in ban da Mali da Burkina Faso. Mai saye a birni ya ji daɗi, amma wanda ya rufe kaya yana jiran tsada lissafinsa ya rikice. Masu wayar da kai da yawa sun fi son labarin shekarar riba, shi ya sa ake samun manomin da yake ɗauka cewa in kasuwa ta faɗi asusu zai riƙe buhun a rabu lafiya. Ba haka takarda ta ce ba.

Akwai kuma sauran guntayen matsaloli da kowa ya sani: kuɗi ya makara har mabuƙaci ya riga ya sayar, ƙofa ba ta buɗuwa sai kowa ya biya, wanda kuma ba shi da rarar buhu ko ɗaya ba shi da wurin zama a wannan inuwa.

To, zamanin kwaɗo yana wucewa, na takarda yana shigowa. Nijar tana cikin ƙasashen OHADA masu dokar kasuwanci guda, kuma dokar jingina da lamuni da aka yi a 1997 an sake ta a Lome ranar 15 ga Disamba 2010. Sabuwar ta zo da babban canji: ana iya jinginar da kaya alhali suna hannun mai su. Abin da zai tsaya a madadin kwaɗo shi ne yarjejeniya a rubuce da shigar da ita cikin rajistar kasuwanci da ke kotu. Wannan sauƙi ne ga ɗan kasuwa mai son ya ci gaba da juya hajarsa. Sai dai mai injin niƙa ko mai amalanke da ya sa hannu a irin wannan takarda yana kallon kayansa a ƙofar gida kullum, babu alamar komai a jikinsu, har ya manta cewa wuyansu a ɗaure yake. In ya kasa biya, mai bin bashin da ke riƙe da takardar zartarwa yana iya sa a yi gwanjonsu kwana 8 bayan an yi masa gargaɗi na hukuma. Dokar ta raba jingina gida-gida: ta kayan da ake ɗauka daban, ta bashin da kake bin wani ko kuɗinka na banki daban, ta gida da fili daban, kowace da ƙa'idarta. Mu duka jingina muke ce musu, kuma nan ake shammatar mu.

Inda aka fi shammatar mutane shi ne tsaya wa wani. A al'adarmu in ka ce "na tsaya masa", abin da kake nufi ka san shi, ka san gidansu, in ya yi taurin bashi za ka taya a matsa masa. Doka ba haka ta ji ba. A wurinta mai lamuni ya ɗauki bashin a wuyansa, kuma in takarda ba ta faɗi akasin haka ba, ana ɗaukar lamunin a matsayin na ɗaurin gwarmai: da zarar an nemi mai bashi bai biya ba, ana iya zuwa kanka kai tsaye, ba sai an fara sayar da kayansa ba. Wannan dokar dai ita ce ta ba mai lamuni kariya wadda mutane kaɗan suka sani. Dole ya rubuta da hannunsa iyakar kuɗin da ya lamunta, da haruffa da lambobi. In bai iya rubutu ba, dole a samu shaidu biyu da za su tabbatar cewa shi ne, yana wurin, kuma an bayyana masa abin da ya ɗauka da abin da zai biyo baya. Shaidun nan sau da yawa duk wanda aka tarar a bakin ofis ne. Haka ma maganar ruwa. A farkon 2014 aka ƙayyade cewa duk abin da mai cin bashi zai biya a shekara, ruwa da kuɗin takardu da sauran caje-caje a haɗe, kada ya wuce kashi 15 cikin ɗari a banki, kashi 24 a ƙananan asusai, kuma wajibi ne a rubuta wannan jimla a yarjejeniya. "Biyu kacal a wata" da ake faɗa da murmushi, in ka ninka sau 12 ka riga ka taɓo rufin, tun ba a sa kuɗin buɗe dosiye ba.

Yanzu ga wani sabon baƙo yana tafe, wanda masu banki ke kira afakturaj, wato sayar da takardar bin kuɗi. A ƙarshen 2020 ministocin ƙasashe masu amfani da sefa na yammacin Afirka suka amince da doka guda a kansa. Wanda ya ce wannan maganar 'yan Yamai ce bai duba yadda ƙungiyoyin manoma suka girma ba. Yau akwai haɗakar ƙungiyoyi masu kai tan-tan na hatsi da wake ga ɗakunan abincin makarantu, ga masu agaji, ga kamfanonin iri. Babban mai saye ba ya biya a bakin sikeli. Ya karɓi kaya, ya karɓi faktir, wato takardar bin kuɗi, ya ce a dawo bayan kwana 60 ko 90. Manoman da suka ba da kayansu kuwa suna zaune a ƙofar shugaban ƙungiya, ga damina ta kawo kai.

Nan mai afakturaj yake shigowa. A ce faktir ɗin ta miliyan 10 ce. Ya karɓe ta, ya ba ƙungiya miliyan 8 yau, ya riƙe miliyan 2 a matsayin kariya. Ya rubuta wa mai saye cewa daga yau ni za ka biya. In kuɗi suka shigo ya zare ladan aikinsa da ruwan kwanakin da kuɗinsa suka yi a waje, ya miƙa saura. A nan babu buhu, babu mangaza, abin da aka miƙa alkawarin wani ne. Kuma duk nauyin yarjejeniyar yana kan layi ɗaya: in mai saye bai biya ba, wa zai ɗauki asara? Akwai yarjejeniyar da ta ba mai kuɗi damar komowa kan ƙungiya ya karɓi miliyan 8 ɗinsa, akwai wadda ta hana shi. Ta farko rance ce da aka sa wa rigar ciniki. Ta biyun ma tana da ƙofar baya, don galibi abin da ta lamunta karyewar mai saye ne kawai. In ya ƙi biya saboda ya ce waken ya ci ƙwari ko awo bai cika ba, maganar ta zama gardamar kaya, bashin ya dawo gida. Sannan shugaban ƙungiyar da mai saye ya yi kuskure ya biya shi kai tsaye bayan an miƙa takarda, ya kuma raba wa manoma, ya ci kuɗin da ba nasu ba ko da zuciyarsa fara ce.

Kakanninmu sun san wannan sana'a, ba su dai rubuta ta ba. A unguwar Sabo ta Ibadan, wadda Abner Cohen ya yi nazarinta a littafinsa na 1969, dillalan shanu daga arewa suna sauka wurin maigida, a sayar wa mahautan gari bashi, maigida ya tsaya a tsakani. Shi ya san mahaucin da ke biya da wanda ba ya biya, shi ke bin kuɗin, in kuma mahauci ya gudu, mutuncin maigida ne a kan layi, don baƙon da aka cuta ba zai sake sauka gidansa ba. Baƙo ya san wanda ke ɗauke da asararsa, kuma ya san inda yake kwana. Mai afakturaj na yau yana iya zama wannan maigida, yana kuma iya zama mai karɓar la'ada ya bar ka da mahauci. Takarda ce kawai za ta faɗa.

Malamai ma suna da aiki a nan tun kafin abin ya yaɗu. Fiƙihu ya san hawala, wato mayar da bashi daga wuyan wani zuwa na wani, amma sayar da bashin kuɗi na jinkiri da kuɗin hannu da bai kai shi ba abu ne da malamai suka sa a babin riba. Cibiyoyin kuɗi na Musulunci suna neman mafita ta hanyar wakilcin karɓo bashi da lada sananne. Gara a zauna a tsefe wannan tun yanzu, da a bari sai ƙungiya ta sa hannu sannan liman ya hau mumbari.

Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Ba na tsammanin akwai wurin da wannan magana ta fi buƙatar aiki kamar teburin da ake dangwala yatsa a kan bashi. Asusai da bankunan da ke aiki a Tasawa da Mayahi su fitar da yarjejeniyarsu da Hausa, da boko da ajami, shafi ɗaya ya isa: nawa aka karɓa, nawa za a biya gaba ɗaya, yaushe, me aka jinginar, wa ke ɗaukar asara in kasuwa ta faɗi ko mai saye ya ƙi biya. Majalisar manoma ta jihar Maraɗi da gidajen rediyon karkara su ɗauki wannan a matsayin aikin gona, kamar yadda suke yi wa maganar iri da taki. Shugabannin ƙungiyoyi kuma, maza da mata, kafin ku sa hannu a kakar bana ku sa a karanta muku takardar gaban membobinku, da bakin wanda ku kuka zaɓa. Kai kuma da aka ce zo ka tsaya wa ɗan'uwa, in ba ka rubutu, ka tafi da shaidunka biyu daga gida, kada ka dangwala sai an faɗi iyakar kuɗin a gabansu.